Ƙanena, ba naman kare ne zai dame ka a Sin ba

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙon muryarka ya iso, minti 11 cur, na saurare shi sau biyu. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. A nan WhatsApp ba ya buɗewa sai an bi ta ɓarauniyar hanya, haka Facebook da YouTube da Google, kuma ɓarauniyar hanyar tawa ta yi kwana uku tana yi mini gardama. Ga kuma awa 7 da ke tsakaninmu: lokacin da kuke zaman hira bayan isha, mu nan asuba muke jira.

In na fahimce ka, ka ji an ce Sinawa kare da kwaɗo da maciji suke ci, kana tambaya me za ka ci, ko za a bar ka ka yi salla, kuma ko za ka iya haɗa karatun injiniya da ɗan turo kaya Kantin Kwari. Ka kuma ce wani ejan ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka gurbin karatu kyauta.

Abincin da ya fi tayar maka da hankali shi ne mafi sauƙi a cikinsu. Kwaɗo kam ana ci, na gan shi a kasuwa da ransa. Kare ma akwai yankunan da ake ci, amma tun zuwana Shi'an a 2018 (a takarda Xi'an za ka ga an rubuta) ba wanda ya taɓa ajiye mini shi, kuma yawancin abokan karatuna Sinawa ƙyamar abin suke. Wanda za ka sa wa ido shi ne alade. Kusan rabin naman aladen duniya a ƙasar nan ake cinye shi, har in ka ga an rubuta "nama" kawai a takardar abinci ba a faɗi na mene ne ba, to shi ake nufi. Ko ganye ka ce a soya maka, mai yiwuwa da kitsensa za a soya, ko a ɗiga giyar girki. Don haka kafin ka koyi gaisuwa, ka haddace haruffa biyun nan da ido: 清真. "Chingjen" ake faɗa, shi ne halal ɗinsu. Akasari a kan koren allo za ka gan su a ƙofar shago. Da wuya ka shiga gari a Sin ka rasa shagon taliyar Lanjo mai wannan alama, inda za ka tarar da saurayi da farar hula yana jan ƙullin fulawa da hannu har ya zama zare, a zuba a romon naman sa. Da yuwan (kuɗin ƙasar) 10 zuwa 15 ka ƙoshi. Yawancin manyan jami'o'i ma suna da ɗakin cin abinci na Musulmi daban.

Masu farar hular nan Hui ake ce musu, Sinawa ne Musulmi tun kaka da kakanni, kuma Shi'an gidansu ne. A makona na biyu wani ɗan Fakistan ya kai ni unguwarsu cin abin da suke kira fawmo. Aka dire mana kwano babu komai ciki sai gurasa biyu masu tauri kamar an manta da su a tanda. Ashe kai za ka ɓarɓasa da hannunka, sannan a mayar kicin a dafa da romon rago. Ni da yunwa ta ci, na yaga tawa gida shida na miƙa. Wani dattijo a teburin gefe ya leƙa kwanona, ya girgiza kai, ya jawo kujerarsa ba tare da ya ce uffan ba, ya ɗauki gutsure ɗaya yana mintsina da farce yana zubawa, kowane ɗan ɓalli bai fi ƙwayar wake ba. Kusan minti 20 muka yi a haka, ba na jinsa ba ya jina, sai "salamu alaikum" da muka yi wa juna a ƙarshe. Da kwanon ya dawo yana tururi, da tafarnuwa mai zaƙi-zaƙi a gefe, sai na ji kamar gurasa da romo nake ci a Jakara. Da dare kuma 'yan ƙabilar Uigur, Musulmin yankin Shinjan, suna gasa tsiren rago a bakin titi, bambancinsa da namu babu ƙuli-ƙuli.

Abin da zai ba ka wuya a baki shi ne shinkafa fara fat, ba gishiri ba mai, da wani yajin Sichuwan da ba zafi kaɗai yake ba, kashe harshe yake kamar an yi maka allurar cire haƙori. Sandunan cin abinci mako biyu sun ishe ka. Kada dai ka soke su a tsaye cikin shinkafa, don hakan yana tuna musu turaren da suke kunna wa mamaci. Ruwan sanyi kuma ka yi bankwana da shi a gidan abinci. Ruwan zafi za a ba ka ko ana tsaga rana, kuma kowace cuta ka kawo musu, daga mura har ciwon kai, amsar farko ita ce ka yawaita shan ruwan zafi. Na yi musu dariya shekara guda, yau ga ni da fulas a jaka.

Wani abu da ba wanda ya faɗa mini: banɗakunansu ba buta. Na waje ma sau da yawa ko takarda babu. Ka sayi 'yar gora ta zama abokiyar tafiyarka.

Salla za ka yi, amma ka san yanayin. Babban masallacin Shi'an, wanda ake cewa an kafa shi a shekarar 742, in ba a gaya maka ba za ka ɗauka fadar sarki ce: rufin katako mai lanƙwasa, lambu bayan lambu, ba ƙubba ba hasumiya irin tamu. A Guanzu kuma akwai maƙabartar da mutanen wurin ke dangantawa da Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas, nan 'yan kasuwarmu da yawa suke Juma'a. Sai dai Juma'a ranar aiki ce, malami ba zai ɗaga darasi dominka ba. Ban taɓa jin kiran salla daga ɗakina ba, waya ce ladanina. A cikin makaranta ba a yarda da taron ibada ba, kuma doka ta hana baƙo yin wa'azi ga 'yan ƙasa. Azumina na farko, a 2019, rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas saura, ɗakin abinci kuwa ya riga ya rufe, sai dai in saya tun biyar in ajiye ya huce. Batun Shinjan da halin da Musulmin can ke ciki, ka karanta tun kana gida ka san abin da ke akwai, amma kada ka mayar da WeChat, manhajar hirarsu ta waya, dandalin wannan hira.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, wanda shi ne zai yanke hukuncin zamanka: harshe. Kada wani ya ruɗe ka da cewa da Turanci za a koyar. Ko an koyar da Turancin, direban tasi da likita da mai gadin ɗakin kwana da ɗan sandan da zai duba fasfonka ba sa ji. In kuma da Sinanci za ka yi digirin, shekara guda za ka fara yi ta koyon harshe zalla, ka ci jarrabawar HSK, akasari mataki na 4, kalmomi 1,200 a tsarin da na rubuta, sannan ka zauna aji ɗaya da yaran da aka haifa a cikinsa ana lissafin injiniya. Na ga waɗanda suka zo da sakamako mai kyau daga gida suka koma ba takarda, ba don kansu ba ya ja ba, don sun maƙale wa junansu a ɗaki ana Hausa da Turancin Buroka har shekara ta ƙare.

Amma Bahaushe yana da wata riba da Bature ba shi da ita. Sinanci da karin sauti yake tafiya, kamar namu. Kai da ka san bambancin kuka na hawaye da kuka ta miya ba tare da an koya maka ba, kunnenka ya riga ya horu. Su ma "mai" in ka sauke murya ka ɗaga, saye ne, in ka sare ta ƙasa, sayarwa ne. Rubutun ne dai sai ka durƙusa masa kamar ɗan makarantar allo, harafi ɗaya sau hamsin. Kuma ranar da ka yi wa mai shago ciniki da harshensa, ranar farashi zai sauka, fuska ta saki.

Ejan ɗin nan naka, ka riƙe kuɗinka. Tallafin karatu na gwamnatin Sin, wanda ake kira CSC, da kanka za ka cike ta intanet, ko ta hannun jami'ar da kake so ko ta ofishin jakadanci. In ka samu, ba kuɗin makaranta, ba na ɗaki, akwai inshorar lafiya, kuma ɗalibin digirin farko yana karɓar yuwan 2,500 a wata, na biyu 3,000, na uku 3,500. Zai riƙe ka in ba ka da almubazzaranci, amma ba zai gina wa Inna ɗaki ba, gara ka faɗa musu tun yanzu. Na san wani yaro da ejan ya ce masa komai kyauta ne, ya iso ya tarar shekarar farko kawai aka yafe masa.

Takarda kuwa ba a wasa da ita a nan. Bizar karatu mai tsawo X1 ce, kuma cikin kwana 30 da shigowarka dole ka mayar da ita izinin zama. Duk inda ka sauka in ba otal ba ne, cikin awa 24 ka yi rajista wurin 'yan sanda. Wanda ya wuce wa'adinsa tarar yuwan 500 ce kowace rana har zuwa 10,000, ko tsarewa, ko kora. Bizar ɗalibi ba ta aiki ko kasuwanci ba ce sai da izini a rubuce. Na san Guanzu da Yiwu suna kiran kowane Bakano, ni ma sun kira ni, amma ba a tauna taura biyu. Daga 'yan uwa sun ji kana Sin, kowa zai turo hoton atamfa da waya da injin markaɗe, ka wayi gari kai ɗan aike ne mara lada, ana kirga maka fashin aji. Ka je lokacin hutu ka buɗe ido, ka koyi yadda ake lodin kwantena, ka adana sanin. Kuma ko ɗan uwanka ne, kada ka riƙo wa kowa ƙunshin da ba ka buɗe ba. Safarar ƙwaya a nan har kisa ake yankewa.

Kallo za ka sha. Za a ɗauke ka hoto ba sallama, yaro zai nuna ka da yatsa, wata tsohuwa ta taɓa murza mini hannu ta duba yatsanta ko ya yi baƙi. Akasari rashin sani ne, amma ba duka ba. A watan Afrilun 2020, lokacin korona, an fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal a Guanzu, wasu suka kwana a titi, har gwamnatocinmu suka kira jakadun Sin. Akwai kuma ranar da za ka zauna a jirgin ƙasa, kujerar gefenka ta zauna ba kowa alhali mutane na tsaye. Waɗannan mutanen dai su ne iyayen abokina suka kai ni ƙauyensu bikin sabuwar shekara, uwarsa ta sayi sabuwar tukunya don kada ta dafa mini a wadda alade ya taɓa, ta kuma danƙa mini jar ambulan da kuɗi kamar ɗanta. Lokacin bikin nan makaranta takan zama kufai, shaguna a rufe, kowa ya tafi garinsu. In ba ka yi aboki ba, a nan za ka san kaɗaici.

Sauran abubuwa za ka gane da kanka. Komai da waya ake biya, WeChat ko Alipay, har mai gasa dankali a bakin titi. Sanyin Shi'an ya wuce na hunturun Kano nesa, har ƙanƙara ke zuba, sai dai a arewacin ƙasar ana ɗumama ɗakuna daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Maris. In jami'ar kudu ka zaɓa, irin su Wuhan, babu wannan gata, da rigar sanyi za ka kwana. Kada ka sayi rigar a gida, ta nan ta fi arha da kauri.

Garin masara da kuɓewa da man gyaɗa duk akwai su a nan, tuwo ba zai gagare ka ba. Kilishi kada ka wahalar da Inna, ba a shigo da nama, nawa a filin jirgi aka karɓe ina kallo. Ka turo mini sunan jami'ar da ejan ɗin ya ambata in duba maka ita kafin ka sake yi masa magana. In kuma Allah ya sa tafiyar ta tabbata, ka taho mini da kuka da daddawa, a naɗe daddawar leda uku, don makwabcina na ɗaki har yanzu bai yafe mini ta bara ba. Ka gaishe da Baba da Inna.