Me ke kawo beyar cikin ƙauyukan Japan?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi da farata, ke yawan far wa mutane a ƙauyukan kan tsaunukan Japan, da abin da ake yi a kai.

Yunwa ce a gaba. Kafin ta shiga dogon barcin hunturu, beyar na buƙatar tara kitse da 'ya'yan itatuwan daji. Shekarar da itatuwan suka ƙi yin 'ya'ya, sai ta gangaro gari, kamar yadda aka gani a lardin Akita a 2023.

Amma ni a ganina matsalar ta fi yunwa zurfi. Matasa sun tafi birni, tsofaffi aka bari. Gonakin da ke tsakanin daji da gidaje sun koma ciyayi, dabba ta samu wurin laɓewa har bakin ƙofa. Ga bishiyoyin kaki, 'yan'uwan kanyarmu, sun nuna a gidajen da aka yasar, babu mai tsinka. Maharban ma yawancinsu sun tsufa.

Shi ya sa aikin da ya fi amfani ba ya da armashi: sare ciyayi, tsinke kaki ko sare bishiyar, rufe shara, kewaye gona da waya mai lantarki. Masu shiga daji kan rataya ƙararrawa don beyar ta ji tafiyarsu ta kauce. Beyar da ta saba shiga gari kuwa, tarkon keji ake ɗana mata, galibi a kashe. A garin Takikawa na tsibirin Hokkaido har mutum-mutumin kyarkeci mai jajayen idanu da kururuwa aka girke a 2020 don tsorata beyar.