Tsakanina da uwargida, wa ya fi kusa da ciwon zuciya?

Ɗan'uwa daga Tawa, ka ce shekarunka 48, kana shan taba, kana da tumbi, uwargidanka kuma ta fi ka ƙiba amma ba ta shan komai, shi ne kake tambaya wa ya fi shiga haɗari.

Kai ne, gaskiya. Ciwon jijiyoyin zuciya yakan riga kama maza, mata kuwa galibi sai bayan al'ada ta ɗauke yake cim masu. Ga taba a kai: hayaƙinta yana lalata bangon jijiyoyi, yana sa jini saurin daskarewa. Kuma karan da kake kunnawa cikin ɗaki bayan tuwon dare, ita da yara suna shaƙarsa tare da kai. Shisha ma ba ta da dama-dama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shekara 1 bayan barin taba, haɗarin yakan ragu da kusan rabi.

Batun ƙiba, inda kitsen ya taru ya fi nauyin kilo muhimmanci. Kitsen ciki ne mugun. Ka ari awon tela ka zagaya cikinka daidai cibiya: in ya wuce santimita 102, ita kuma 88, to a rage mai, gishiri, dunƙulen magi da sukarin shayin fada, a riƙa taka ƙafa kullum.

Don Allah ku je asibiti tare a auna muku hawan jini da suga. In awon hawan jinin ya kai 140/90, likita zai sake dubawa. Uwargida kuma in ta ji numfashi na sarƙewa, tashin zuciya ko kasala marar dalili, kada a jira sai ƙirji ya yi ciwo.