Ƙaddara da Halin Ɗan Adam a Ƙagaggen Labari

Malama, kin tambaya ko ya dace marubuci ya jingina duk abin da ya sami taurarin labarinsa ga ƙaddara. A ganina, bayan shekarun da na shafe ina rubutu a nan Bauchi, imani da ƙaddara wajibi ne a rayuwa, amma a kan takarda takan zama mafakar marubucin da ya gaji, wanda ya rasa yadda zai warware ƙullin da ya ƙulla, sai ya ƙirƙiro haɗarin mota a hanyar Jos domin ya kawar da kishiya.

Ki dubi littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934. Sace Umar, tauraron labarin, da aka yi yana yaro ba zaɓinsa ba ne, amma abin da ke riƙe mai karatu shi ne haƙurinsa da naciyarsa ga neman ilmi, da kuma uwar da ta ƙi fid da rai har ta ƙetare Sahara tana cigiyarsa. Ni kaina na taɓa yaga babi uku, domin na lura tauraruwata ba ta taɓa yanke shawarar komai ba, al'amura ne kawai suke faɗo mata.