Manhaja ta ƙi tashi bayan an koma Tomcat 10

Ɗan'uwa, ka ce kun ɗauke manhajarku daga WildFly kun kai Tomcat 10 (dukansu sabar gudanar da manhajojin Java ne), fayil ɗin WAR, wato ƙunshin manhajar, ya shiga lafiya, amma shafi sai 404 yake ba ku, wato ba a samu shafin ba. Don Allah ka daina kashe saba kana kunnawa, ba abin da zai canza.

A catalina.out, fayil ɗin da Tomcat ke rubuta abin da ke faruwa, galibi layi ɗaya za ka gani, wai wani listener (ɓangaren da ke tashi tare da manhaja) ya kasa tashi. Cikakken bayanin yana fayil ɗin localhost mai kwanan watan ranar, cikin foldar logs. Ka gangara har "Caused by" na ƙarshe, nan ciwon yake.

In ka ga yana neman javax.servlet bai samu ba, to magana ta fito. Tomcat 9 da sunayen javax yake aiki, daga 10 kuwa irin su javax.servlet sun koma jakarta.servlet. Za ka iya jefa WAR ɗin a foldar webapps-javaee ya juya maka da kansa, amma ni na fi son a gyara lambar tun daga tushe. Ka lura, in da Spring kuka gina manhajar, Spring 5 na javax ne, Spring 6 kuma na jakarta ne amma sai da Java 17. In aiki na gaggawa ne, Tomcat 9 ya ishe ku.

Abin da ya fi kama mutane shi ne WildFly yana zuwa da kayan aikin da manhaja ke dogaro da su: Hibernate, CDI, EJB. Tomcat ba ya da ko ɗaya. Irin waɗannan kayan da kuka sa wa "provided" (wato saba ce za ta kawo) a pom.xml, fayil ɗin da ke jera kayan da manhaja ke buƙata, kuna dogaro da tsohuwar saba, yanzu babu mai kawo su. In kuna amfani da EJB sosai, gaskiya TomEE, wato Tomcat da aka haɗa masa irin waɗannan kayan, ya fi dacewa da ku.

Sai rumbun bayanai. A wani kamfani da na yi wa aiki a Yaba da ke Legas, mun kai tsakar dare, janareta na ta ruri, ashe datasource ɗin, wato saitin haɗa manhaja da rumbun bayanai, yana cikin standalone.xml na WildFly, ba wanda ya rubuta shi a context.xml na Tomcat, direban PostgreSQL ma ba ya cikin foldar lib. Muna sa su manhaja ta tashi.

Kada ka kashe tsohuwar saba sai sabuwar ta yi kwanaki tana aiki. In akwai Nginx a gaba, wato sabar da ke karɓar masu ziyara ta tura su ga manhajar, layi ɗaya za ka canza ka mayar da mutane can in abu ya rikice.

Ka turo mana ƙarshen wancan fayil na localhost mu duba tare, amma ka goge kalmar sirri da adireshin saba tukuna.