Ƙullutu a jijiyar bayan gwiwa: allura ko tiyata?

Tambaya: Likita, shekarata 43, ba na shan taba, ba ni da suga ko hawan jini. Amma da na ɗan yi tafiya sai sha-raɓata ta dama ta ɗaure, ciwon ya lafa na makonni ya sake dawowa. An yi mini hoto aka ce ƙullutu ne a jikin jijiyar jinin bayan gwiwa. Ba za a iya zuƙe shi da allura a huta ba?

Amsa: Malam, wannan cuta ce da ba kasafai ake ganinta ba. Wasu likitoci biyu, Atkins da Key, su ne suka fara bayyana ta a 1947. Ta fi kama maza masu shekara 40 zuwa 50, kuma mafi yawanci jijiyar bayan gwiwa take samu.

Toshewar da aka saba gani kitse ne ke taruwa a cikin jijiya. Taka daban ce. Wani ruwa mai kauri da yauƙi ne ke taruwa a ɓawon jijiyar na waje, ya danne hanyar jini kamar an taka tiyon ruwa. In ruwan ya ragu ka ji sauƙi, in ya ƙaru ciwon ya dawo. Saboda wannan matsin ne likita kan sa yatsa a bayan ƙafarka ya ji bugun jini, ya lanƙwasa gwiwar, bugun ya ɓace.

Ana iya zuƙewa da allura, amma ruwan na da kauri, kuma sau da yawa ƙullutun na sake cika. Likitoci da dama na ganin yana da 'yar siririyar hanya da ta haɗa shi da gaɓar gwiwa, daga can ruwan ke zuwa. Hoton MRI kan nuna ta. Buɗa jijiya da balan-balan ko sa mata ƙarfe ma ba ya ɗorewa, tunda matsin daga waje yake.

Ni tiyata nake ba da shawara. In jijiyar ba ta toshe ba, a cire ƙullutun a ɗaure waccan hanyar. In ta toshe, a yanke wurin da ya lalace a dasa guntun jijiyar da aka ciro daga ƙafarka. Bayan aiki a riƙa bibiya da sikanin.

Kafin nan, in ƙafar ta yi sanyi farat ɗaya, ta koɗe ko ta mutu, kada ka jira gari ya waye, tafi asibiti.