Giya bakwai ko tara: wanne zai hau keken ya rage wahalar tudu?

Tambaya: Kekena ɗan gwanjo ne, faranti uku a gaba, giya bakwai a baya. A Jos nake zaune, kuma hawan tudu yana ba ni wuya, musamman in na ɗauko kaya. Na ga jerin haƙoran baya mai giya tara a kasuwa. In na saya zai hau? Kuma zai rage min wahala?

Amsa: Malam, dakata da kuɗinka tukuna. Kafin komai sai ka san irin abin da ke jikin gargarenka na baya, domin iri biyu ne, kuma ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Akwai firiwil, wanda ake murɗa shi a jikin hob (cibiyar gargaren) kamar noti, akwai kuma kaset, wanda ake zura shi a kan wani bututu mai tsaga-tsaga sannan a ɗaure da zobe. Cire ƙafar bayan, ka juya haƙoran baya-baya, ka dubi wurin da ake sa makullin kwancewa a tsakiya. In yana juyawa tare da haƙoran, kaset ne. In ya tsaya cik, firiwil ne. Yawancin kekuna masu giya shida ko bakwai da ke shigowa gwanjo firiwil gare su, kuma kaset ba zai taɓa hawa hob ɗinsu ba.

Ko da kaset ne, bututun giya bakwai na kamfanin Shimano ya fi na giya takwas zuwa goma gajarta, don haka mai tara ba zai samu wurin zama ba. Tazarar da ke tsakanin faifan haƙora ɗaya da na kusa da shi ma ta bambanta: milimita 5 a mai bakwai, kusan 4.35 a mai tara. Abin canza giya na hannunka an yi shi ne ya ja waya daidai da tazarar bakwai, sarƙar tara kuma ta fi taka siranta. Ka ga kenan sai ka sayi sabon hob ko gargare, da abin canza giya, da sarƙa. Kuɗin ya kusa sayo maka wani keken.

Abin da na fi so ka gane shi ne, yawan giya ba shi ke sauƙaƙa tudu ba. Girman faifan da ya fi kowanne girma a baya, shi ne maganar. Mu ɗauka ƙaramin farantinka na gaba haƙora 28 gare shi, babban na baya ma 28, kamar yadda aka saba gani. Duk zagaye ɗaya na feda, taya ta yi zagaye ɗaya, wato kusan mita 2 a taya mai inci 26. In ka mayar da na baya mai haƙora 34, sai zagayen feda ya kai ka kusan mita 1.7 kawai. Tafiyar ta ragu, amma nauyin da ke kan ƙafarka ya ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari, kuma a tudun Jos da kaya a baya za ka ji bambancin a gwiwarka.

Saboda haka nemi firiwil ɗin Shimano mai giya bakwai da ake kira Megarange, mai 14 zuwa 34. Aibinsa ɗaya: daga haƙora 24 tsalle yake yi zuwa 34, sai ka sassauta taka feda lokacin canzawa. In kuwa kaset gare ka, akwai mai bakwai 12 zuwa 32.

Sai ka sa mai gyara ya duba na'urar da ke ɗaga sarƙa a baya. Mai dogon hannu, irin Tourney ta Shimano, tana ɗaukar 34. Gajeriya ba za ta kai ba, kuma tilasta mata kan iya jefa ta cikin wayoyin gargare. Sarƙa kuma a sa sabuwa, a auna tsawonta a kan babban faranti da babban faifai tare. Tsohuwar da ƙurar hunturu ta cinye za ta riƙa zamewa a kan sababbin haƙora, ta kuma cinye su da wuri. Sarƙar giya shida, bakwai da takwas duk ɗaya ce, ba za ka sha wuyar samunta ba.