Kati ko kyamara? Amsa ga masu son yawon tsofaffin gidajen Ingila

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗaliba ce a Leeds, shekarata 23. Ina sha'awar fita ƙarshen mako in ga manyan gidajen attajiran da da lambunansu. An ce in yanki katin shekara na National Trust, ga shi kuɗina ƙalilan ne. In yanka?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Dakata tukuna. Fara rubuta wurare huɗu ko biyar da kike da tabbacin ƙafarki za ta taka, sannan ki duba na waye. National Trust ƙungiya ce mai kula da tsofaffin gidaje da lambuna, an kafa ta a 1895, kuma katinta galibi ƙofar gidajen da ke hannunta yake buɗewa. Harewood, wanda ke bakin hancinki, ba nata ba ne. Haka Chatsworth, haka Blenheim inda aka haifi Winston Churchill a 1874. Duk waɗannan sai kin sake biya. Temple Newsam kuwa na hukumar birnin Leeds ne, yawo a filinsa kyauta ne, can ma ya kamata ki fara ki ga ko abin zai shiga ranki.

Nata da ke kusa da ke akwai Nostell a gefen Wakefield, da Fountains Abbey da lambun Studley Royal kusa da Ripon. Raba kuɗin katin da kuɗin shiga sau ɗaya, za ki ga zuwa nawa ne zai mayar miki da kuɗinki. Akwai rangwame ga 'yan shekara 18 zuwa 25, ki nemi wannan. Sai dai katin ya fi yi wa mai mota riba, don yawancin gidajen a ƙauye suke, kuma mai kati ba ya biyan kuɗin ajiye mota a mafi yawansu. Ke bas za ki bi, mai lamba 36 da ke tashi daga Leeds zuwa Ripon, wadda ke ratsawa ta Harewood. Kuma idan za ki yanka, ki bari sai Maris ko Afrilu, domin gidaje da yawa a rufe suke lokacin sanyi, lambu kawai ake bari.

Akwai abin da ba zan iya yin shiru a kansa ba. Edwin Lascelles ya fara gina Harewood a 1759 da dukiyar gonakin rake na tsibiran Karebiyan, gonakin da bayin da aka kwasa daga Afirka suka noma. National Trust ita ma ta fitar da rahoto a 2020 kan wurarenta 93 masu alaƙa da bauta da mulkin mallaka. Ban ce kada ki je ba. Ki je, ki kalli kujerun da shahararren kafinta Thomas Chippendale ya yi da kyau, ki karanta bayanan da aka ajiye, ki san gumin da ya saye su.

Tambaya: Zan zo Ingila a watan Yuli bikin kammala karatun ɗana, kuma ina son mu zaga irin waɗannan gidaje. In sayi babbar kyamara ko wayata ta isa?

Allah ya sanya albarka, Alhaji. In wayar ta 'yan shekarun nan ce, ta isa. Ɗakunan nan da gangan ake barinsu dishi-dishi, saboda haske na kashe launin labule da darduma da zane. Shi ya sa ake hana filashi, ake hana kafa kyamara kan sanda mai ƙafa uku. A irin wannan duhu, wayar da hannunka ya saba da ita ta fi kyamarar da ka buɗe daga kwali jiya. Kuɗin ka zuba su a fawa bank, da rigar ruwa, da takalmin da ba ya tsoron laka. Jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama kuwa ka bar shi a gida, ba a yarda a tashe shi ba sai da izini.

Abin da zai gyara maka hoto shi ne sanin yadda aka tsara lambun. Ba irin namu na kayan miya a bakin fadama ba ne. Tudu, tafki, itatuwa, duk aikin hannu ne da aka yi don su yi kama da halitta. A Blenheim, mai tsara lambu Lancelot Brown ya datse kogin Glyme a shekarun 1760 har ruwa ya kewaye babbar gadar, ya zama tafkin da kowa ke ɗauka yau. A Studley Royal, John Aislabie ne ya haƙa tafkunan, ɗansa William ya sayi kangon Fountains Abbey, gidan ibadar da aka kafa a 1132, ya haɗa da lambun. Hanya za ta bi da kai cikin duhun itatuwa, ta hau tudu, kwatsam sai ga kangon can ƙasan kwari. Wurin ana kiransa Surprise View. Masu lambun sun riga sun zaɓa maka inda za ka tsaya, don haka karɓi taswira a ƙofa ka bi hanyar yadda aka shata ta, kada ka yanke.

Ka isa da an buɗe, ka fara da lambu kafin jama'a su cika. Da rana ta take sai ka shiga gidan, ka sake fitowa wajen la'asar. Kada hadari ya karya maka gwiwa, kore ya fi fitowa ranar da gari ya lumshe. Ka sa ƙaramar sallaya a jaka, fili na da yalwa.

Tambaya: Ni da amaryata muna son hotunan kafin biki a ɗaya daga cikin lambunan nan, da mai hoto na haya.

Allah ya kaimu, ango. Hoton da mutum ya ɗauka da wayarsa don kansa ba matsala. Amma da zarar ka zo da mai hoton da ka biya, da fitilu da canjin kaya, ya zama sana'a, kuma wannan sai da izini, galibi da kuɗi. Rubuta wa gidan tun da sauran makonni, ka faɗi rana da yawan mutane, ka riƙe amsarsu a wayarka don nunawa a ƙofa.